ƊAN HAUSA (1876–1945): RAYUWARSA, MAKARANTARSA DA GIDAN DA YA BARI A NASSARAWA

Gabatarwa

Al'adar wannan mujalla ce a kowace shekara ta keɓe wasu shafuka domin tunawa da ɗaya daga cikin mutanen da suka bar sawu a tarihin wannan gari namu na Kano. Galibi mukan ɗauko sarki ne, ko malami, ko wani attajiri da ya yi wa jama'a hidima. A bana kuwa mun ga ya dace mu waiwayi wani baƙo, Bature, wanda bai cika shekara goma a cikinmu ba, amma har yau sunan da kakanninmu suka laƙaba masa bai fita daga bakin mutane ba. Wannan kuwa shi ne Hanns Vischer, wanda aka fi sani da Ɗan Hausa.

Dalilinmu guda biyu ne. Na farko, a hannunsa ne gwamnati ta buɗe makarantar boko ta farko a Arewacin Nijeriya, kuma a nan Kano aka buɗe ta. Na biyu, gidan da ya zauna a Nassarawa yana nan tsaye da filinsa da itatuwansa, kuma gida ne na ƙasa, wanda ransa ke hannun masu kula da shi. Muna ganin ba zai yiwu mu roƙi 'yan uwa su sa hannu wajen riƙon gida ba alhali ba mu gaya musu ko wane ne mai gidan ba, da abin da ya yi daidai, da kuma inda aikinsa ya gaza.

Asalinsa da karatunsa

An haifi Hanns Vischer a ranar 14 ga Satumba, 1876, a birnin Basel na ƙasar Suwizalan. Iyayensa daga tsofaffin gidajen birnin suke, gidajen da suka yi suna wajen fatauci da kuma riƙo da addinin Kirista. Birnin Basel yana kan iyakar Jamus da Faransa ne, saboda haka yaron ya tashi kunnensa ya saba da harshe fiye da ɗaya. Ya yi karatu a ƙasarsu da kuma Jamus, daga nan ya ƙetara Ingila, ya shiga Kwalejin Emmanuel ta Jami'ar Kambirij, inda ya karanci harsuna. Da ya gama sai ya ƙara da karatun addininsu, da niyyar ya zama ɗan mishan.

A wancan lokaci ƙungiyar mishan ta CMS ta ƙwallafa rai a kan ƙasar Hausa. A shekarar 1900 wani ayarinsu, a ƙarƙashin Bishop Tugwell, tare da Likita Miller wanda daga baya ya zauna a Zariya, ya iso har Kano. Sarkin Kano Alu bai karɓe su ba, ya umarce su da su bar masa gari, suka juya kudu, daga bisani suka yada zango a Loko, a bakin kogin Binuwai. A nan Loko ne Vischer ya same su a 1901. Cikin abokan aikinsa a wurin har da G. P. Bargery, wanda shekaru da yawa bayan haka, a 1934, ya fitar da babban ƙamus ɗin nan na Hausa da har yau ba a daina amfani da shi ba.

Zamansa na mishan bai yi tsawo ba. Ya koma Turai, ya ajiye wannan aiki, a 1903 ya karɓi takardar zama ɗan ƙasar Ingila, ya shiga aikin gwamnatin Arewa a zamanin Gwamna Lugga. Wannan ita ce shekarar da Turawa suka ci Kano da yaƙi, a ranar 3 ga Fabrairu, suka kuma naɗa Sarki Abbas. Shi kuwa sai aka tura shi Barno a matsayin mataimakin Razdan. Ya sami ƙasar tana farfaɗowa daga ɓarnar yaƙin Rabe, wanda ya rushe Kukawa a 1893 aka kuma kashe shi a 1900. A can ya zauna da malamai da fatake da talakawa, ya goge Hausarsa, ya ƙara da Larabci da Barbarci da Fulatanci.

Ƙetare Sahara

Abin da ya fara fito da sunansa a duniya shi ne tafiyar da ya yi a 1906. Da hutunsa ya ƙare a Turai, maimakon ya biyo jirgin ruwa zuwa Ikko kamar sauran ma'aikata, sai ya nemi izini ya komo bakin aikinsa ta cikin Sahara. Ya sauka a Tarabulus, wadda a lokacin take hannun Turkawa, ya haɗa ayarin raƙuma. Waɗanda suka biyo shi akwai alhazai da ke neman hanyar gida bayan sun sauke farali, akwai kuma 'yantattun bayi, maza da mata, waɗanda aka raba da ƙasashensu tun suna yara, suke kuma marmarin komawa.

Sun tashi a watan Yuli, a tsakiyar zafi, suka ratsa hamadar duwatsu zuwa Murzuk a ƙasar Fazzan, daga nan suka gangaro ta dausayoyin Kawar zuwa Bilma, garin gishiri, wanda Faransawa suka mamaye a wannan shekarar, sannan suka yanki rairayi har Tafkin Chadi. Tafiya ce ta mil kusan 1,500, ta kuma ci su watanni. Sun sha ƙishirwa, raƙuma sun mutu, sun yi karo da mahara. Wannan ita ce tsohuwar hanyar da fataken Barno da na Tarabulus suka yi ɗaruruwan shekaru suna bi, kuma ta nan ne Barth, wanda aka sani da Abdulkarim, ya koma gida a 1855. A bakin rijiyoyin hanyar Vischer ya ga ƙasusuwan bayin da ƙishirwa ta kashe a zamanin da ake kora su arewa. Ya rubuta labarin tafiyar a wani littafi da aka buga a Landan a 1910. Bayan kusan shekara ɗari, a 2001, wani tsohon jami'in mulki na Arewa mai suna John Hare ya sake bin wannan hanya a kan raƙumi, daga Tafkin Chadi zuwa Tarabulus, yana bin sawunsa.

Mun tsaya a kan wannan tafiya ne domin tana nuna irin mutumin. Wanda ya yi watanni yana kwana yana tashi cikin ayari, yana cin abin da suka ci, yana sauraron hirarsu da faɗansu da addu'arsu, dole Hausarsa ta bambanta da ta wanda ya koya a littafi. Irin wannan Hausa, da sanin yadda ake gaisuwa da yadda ake zama a gaban manya, su suka sa mutanenmu suka kira shi Ɗan Hausa.

Makarantar Nassarawa

A 1908 Gwamna Girouard, wanda ya gaji Lugga, ya zaɓe shi ya tsara wa Arewa ilmin zamani. Matsalar da ke gaban gwamnati a fili take. Tana bukatar ma'aikata masu iya lissafi da rubutun boko, kuma kusan dukkan akawunanta daga kudu ko Gwalkwas ko Saliyo take ɗauko su. A ɗaya ɓangaren kuma ta yi wa sarakuna alkawarin ba za ta taɓa addininsu ba, ga shi makarantun boko da aka sani a lokacin kusan duk na mishan ne. Ƙasar kuwa ba ta rasa ilmi ba, domin akwai dubban makarantun allo da zaurukan malamai inda ake karanta fiƙihu da nahawu da tafsiri, ana kuma rubuta wasiƙa da waƙa cikin Larabci da ajami.

Kafin ya fara komai sai aka tura shi ya gano yadda ake yi a wasu ƙasashe. Ya je Masar, ya je Sudan inda ya duba Kwalejin Gordon da ke Hartum, ya kuma leƙa Gwalkwas da Kudancin Nijeriya. Ya komo da ra'ayin cewa ilmin da zai yi amfani a nan shi ne wanda zai shigo ta ƙofar zaure da sallama, ya tarar da yaro a cikin harshensa da tufafinsa da addininsa, ya bar shi a cikinsu, ya ƙara masa abin da ba shi da shi.

A 1909 ya buɗe makarantarsa a Nassarawa, a bayan ganuwa, kusa da gandun Sarki da gidan hutawarsa. Da malamai ya fara, wato manyan mutane da suka riga suka yi karatun Larabci, domin ya koya musu rubutun boko da lissafi su kuma su zama masu koyarwa. Daga baya aka ƙara ajin 'ya'yan sarakuna, da makarantar elemantare, da makarantar sana'a inda ake koyon sassaƙa da ƙira da dukanci da ɗinki da saƙa, da kuma ajin safiyo domin masu auna ƙasa. A 1910 aka tabbatar masa da muƙamin Daraktan Ilmi na Arewacin Nijeriya.

Da Hausa ake koyarwa. Ana karanta lissafi da labarin ƙasa da kiwon lafiya da zane, malamai kuma suna ci gaba da ba da karatun addini da Larabci. Yara suna sa rigunansu da rawunansu, suna kwana a gidaje irin na iyayensu, 'yan kowane lardi a sashensu. Baitulmalin sarakuna ya ɗauki babban kaso na kuɗin tafiyar da makarantar, wato da harajin talakawanmu aka yi aikin. Zuwa 1913 ɗaliban sun haura 200, sun kuma fito daga larduna daban-daban, tun daga Barno da Adamawa har Ilori.

Kada mai karatu ya ɗauka abin ya zo da sauƙi. Mutane ba su manta cewa shekara shida kacal da ta wuce waɗannan Turawa suka fasa ganuwa da igwa ba, wasu kuma sun san cewa malamin nan tsohon ɗan mishan ne. Iyaye sun ji tsoron a raba 'ya'yansu da addini. An sha samun hakimin da aka ce ya kawo ɗansa, sai ya turo ɗan baransa ko ɗan bawansa a madadinsa. Abin da ya sassauta zukata shi ne goyon bayan Sarki Abbas, Maje Nassarawa, Allah Ya jiƙansa, da kuma ganin da aka yi cewa Ɗan Hausa ya riƙe alkawari, bai mayar da aji wurin wa'azi ba. Daga cikin waɗanda suka yi karatu a wurinsa akwai Malam Bello Kagara, wanda ya koyar a Kwalejin Katsina, ya rubuta littafin Ganɗoki, ya kuma zama Walin Katsina.

Akwai wani aikin nasa da ya shafi duk wanda ke karanta wannan shafi. Kafin zuwansa kowane Bature yana rubuta Hausa ne yadda kunnensa ya ji, babu ƙa'ida ɗaya. A 1912 ya fitar da ƙa'idojin rubutun Hausa cikin boko domin amfanin makarantu da ofisoshi. An yi musu gyare-gyare daga baya, kuma haruffa masu ƙugiya, wato ɓ da ɗ da ƙ, sai a shekarun 1930 aka karɓe su, amma a kan harsashin da ya aza aka ɗora. Ta wannan hanya aka bi har aka kai ga gasar rubuta littattafai ta 1933 da jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo a 1939.

Gidan

Yanzu sai mu juyo ga gidan. Abin da ake faɗa shi ne, tun kafin zuwan Turawa akwai gini a wurin, na wani bafaden Sarki mai kula da gandun Nassarawa, kuma shi aka ba Ɗan Hausa ya faɗaɗa. Sauran Turawan zamaninsa sun fi son gidan kwano mai baranda irin wanda suka saba da shi a wasu ƙasashen da suke mulka. Shi kuwa sai ya kira maginan Kano, ya gaya musu ɗakunan da yake bukata, ya bar su suka yi abin da suka gada.

Saboda haka duk wanda ya shiga Gidan Ɗan Hausa, aikin kakanninmu yake kallo. Da tubali aka tayar da bango, wato curin ƙasa da aka kwaɓa da ciyawa, aka mulmula da hannu, aka shanya a rana. Bangon yana da kauri ƙwarai daga ƙasa, yana sirancewa yayin da yake hawa, wannan kauri kuwa shi ke tsare zafin rana da tsakar bazara ya kuma riƙe ɗumi a daren hunturu. Rufin na azara ne, wadda ake tsagowa daga gangar giginya, itacen da gara ba ta cika cin sa ba. Da yake azara ba ta iya ƙetare ɗaki mai faɗi ita kaɗai, sai magina su ɗaure ta hawa-hawa, kowace tana ɗan zarce ta ƙasanta, su lulluɓe da ƙasa har ta zama baka. Idan bakuna suka taso daga bango huɗu suka haɗu a tsakiya, shi ne ɗaurin guga, wanda ke ɗauke da tulluwa. A waje kuma ga zankwaye a kusurwoyi, ga indararo da ke tunkuɗa ruwan sama nesa da gindin bango.

Kariyar ginin duka tana ga fatarsa. Ana shafe bango da makuba, wadda ake samu daga ɓawon 'ya'yan ɗorawa. Rufi kuma ana dafe shi da laso, haɗin katsi daga karofi, da gashin jima daga majema, da ruwan dafara. Mai karatu zai lura cewa gini ɗaya ya tara magini da marini da majemi da manomi. Abin da Ɗan Hausa ya ƙara shi ne tsarin ɗakuna irin na Turai, da tagogi masu faɗi, da matakala zuwa bene. Gidan ya fito kamar makarantarsa, jiki na Hausa da 'yan baƙin abubuwa a ciki.

A 1911 ya auri Isabelle de Tscharner, 'yar birnin Bern, ya kuma kawo ta Kano, a lokacin da matan Turawa ba su cika zuwa Arewa ba. Ta zauna a wannan gida, ta kula da shi da lambunsa, ta saba da ɗalibai da matan gari. Ta rubuta abin da ta gani cikin Faransanci, aka buga a 1917, littafin kuwa yana cikin 'yan shaidun da suka rage game da zaman Nassarawa a waɗannan shekaru.

Bayan barinsa Kano

Shekarar 1914 ta zo da sauye-sauye biyu. An haɗe Arewa da Kudu a ƙarƙashin Lugga, wanda ra'ayinsa game da ilmi bai zo ɗaya da na Ɗan Hausa ba, musamman kan matsayin Turanci. Sannan Yaƙin Duniya na Ɗaya ya ɓarke. Aka fara buɗe makarantu a larduna, irin su Sakkwato da Katsina, malaman da aka horar a Nassarawa suka watsu suka riƙe su. Shi kuwa ya tafi aikin soja, ya yi aiki a sashen leƙen asiri na rundunar Ingila har ya kai muƙamin Manjo. A 1919 ya ajiye aikin Nijeriya. Wannan ita ce kuma shekarar da Sarki Abbas ya rasu.

Bai rabu da sha'anin ilmin Afirka ba. A 1923 aka naɗa shi sakataren kwamitin da ke ba Ofishin Mulkin Mallaka a Landan shawara kan ilmi, ya riƙe wannan kujera har 1939. A 1924 ya bi tawagar Phelps-Stokes zuwa Gabashin Afirka domin duba makarantu. Takardar manufar ilmi da kwamitin ya fitar a 1925 ta ginu ne a kan ra'ayin daidaita ilmi da rayuwar mutanen ƙasa, wato abin da ya gwada a Nassarawa. A 1926 yana cikin waɗanda suka kafa Cibiyar Nazarin Harsuna da Al'adun Afirka ta Duniya, ya kuma zama babban sakatarenta, Lugga yana shugaba. A 1941 Sarkin Ingila ya ba shi lambar girma ta Sir. Ya mutu a ranar 19 ga Fabrairu, 1945, a garin Newport Pagnell na Ingila, yana da shekara 68.

Yadda muke auna shi

Gaskiya ɗaya ce, daga ƙin ta sai ɓata. Ɗan Hausa ma'aikacin mulkin mallaka ne, kuma makarantarsa an buɗe ta ne da farko domin ta samar wa wannan mulki hakimai da malaman haraji da masu safiyo. Ƙofarta ba ta buɗu ga kowa ba. An fifita 'ya'yan masu sarauta, ɗan talaka sai wanda rabo ya kira. Babu 'ya mace ko ɗaya a tsarin, domin sai a 1930 gwamnati ta fara buɗe wa 'yan mata wuraren karatu a Kano da Katsina. Tsoron da shi da abokan aikinsa suke yi na kada a yaye matasa masu Turanci da za su ɗaga wa Bature murya ya sa aka tafi da ilmi a hankali fiye da kima. Kwalejin Katsina, wadda ta yaye su Sardauna da Tafawa Ɓalewa, sai a 1922 aka yi bikin buɗe ta. Tazarar da ta shiga tsakaninmu da Kudu a fagen boko, wadda har yau muke fama da ita, tana da saiwa a wannan zamani, ko da yake ba shi kaɗai ke da alhakinta ba.

To, amma duk da haka, a lokacin da Turawa da yawa ke ɗaukar harsunan Afirka a matsayin abin da za a yar, shi ya yarda cewa Hausa za ta iya ɗaukar lissafi da kimiyya. Ya zauna a gaban malamanmu ya saurare su. Ya ga ginin ƙasa bai raina shi ba, ya zaɓe shi ya zama gidansa. Masana a yau sun tabbatar cewa yaro ya fi saurin fahimta idan aka fara masa karatu da harshen uwa, abin da aka yi ke nan a Nassarawa tun 1909.

Nauyin da ke kanmu

Bayan tafiyarsa manyan jami'an Turawa sun ci gaba da zama a gidan har zuwa ƙarshen mulkinsu. Daga baya aka mayar da shi wurin adana kayan tarihi a ƙarƙashin Hukumar Tarihi da Al'adu ta Jihar Kano. Wannan abin godiya ne, domin da yawa daga cikin tsararrakinsa sun zama kufai. Sai dai ginin ƙasa ba ya jiran kasafin kuɗi. Idan indararo ɗaya ya toshe, ruwa ya kwanta a kan rufi, damina ɗaya ta isa ta jiƙa azara ta karya bakan da ya yi shekara ɗari. Idan kuma aka yi gaggawa aka shafe bango da siminti, danshi zai maƙale a ciki, ƙasa ta ruɓe a ɓoye, wata rana fatar simintin ta ɓalle ta faɗo da rabin bangon. Mu Kanawa ba ma bukatar a ba mu labarin yadda abin tarihi ke salwanta. Ganuwarmu tana cikin jerin wuraren da Nijeriya ta gabatar wa hukumar UNESCO tun 2007, amma kowa ya ga yadda ake yankar ta ana gine-gine.

Filin da ke kewaye da gidan shi ma abin tsaro ne, watakila ma ya fi ginin shiga haɗari, domin fili a Nassarawa ya zama zinariya. Itatuwan da ke wurin su ke karya ƙarfin iska da ruwan da ke dukan bango, su ke ba ɗaliban da suka zo ziyara inuwa. Gidan tarihi da aka yanke wa fili aka kewaye shi da shaguna ya rasa rabin labarinsa.

Ƙungiyoyin sa-kai sun taka rawa a irin wannan aiki a wurare da dama. A Ingila mutum uku ne suka kafa ƙungiyar National Trust a 1895, kuma da kuɗin mambobi da gudummawa take riƙe da ɗaruruwan tsofaffin gidaje da lambuna. A nan gida ma ƙungiyar Legacy ta gyara Gidan Jaekel da ke harabar ma'aikatar jirgin ƙasa a Ebute Metta ta Ikko, ginin 1898, ta mayar da shi ƙaramin gidan tarihi a 2010. Waɗannan ba su fi mu son garinsu ba.

Saboda haka wannan ƙungiya tana goyon bayan duk wani yunƙuri na riƙon Gidan Ɗan Hausa da lambunsa, tana kuma gabatar wa 'ya'yanta waɗannan shawarwari, waɗanda za a aiwatar da izinin hukumar da ke da alhakin wurin:

1. A ware wani abu daga gudummawar mambobi a kowace shekara domin yaɓe da gyaran rufi da share indararo, a kuma yi aikin tun da rani, kafin ruwan fari.

2. A ba maginan gargajiya aikin ta hannun Sarkin Magina, da sharaɗin kowane gwani ya riƙa zuwa da matasa masu koyo. Ranar da aka rasa mai iya ɗaurin guga, kuɗi ba za su sayo shi ba.

3. A nemi a auna iyakokin filin, a rubuta, a ajiye kwafi a inda jama'a za su iya gani.

4. A ƙirga itatuwan da ke wurin, a maƙala wa kowanne sunansa da Hausa, a kuma dasa ɗorawa da giginya da tsamiya. Ɗorawa za ta ba da makuba, giginya kuma, ko da yake tana shekaru da yawa kafin ta isa yanka, za ta ba jikokinmu azara.

5. 'Yan uwa malaman makaranta su riƙa kai ɗalibai ziyara, su nuna musu inda boko ya fara a ƙasarsu da kuma hannun da ya gina wurin.

6. Duk wanda kakansa ya yi karatu ko ya koyar a makarantar Ɗan Hausa, kuma akwai wata takarda ko hoto ko allo da ya bari, ya taimaka a ɗauki kwafinsa.

Kammalawa

Ɗan Hausa baƙo ne, ya zo ya tafi, kabarinsa ma yana wata ƙasa. Amma ƙasar da aka kwaɓa ta Kano ce, maginan Kanawa ne, kuɗin na baitulmalinmu ne, yaran da suka zauna a ajin kuma kakanninmu ne. Sunansa kawai gidan ke ɗauke da shi, gadon namu ne. Masu iya magana sun ce kowa ya bar gida, gida ya bar shi. Muna fata idan wannan mujalla ta sake fitowa baɗi, za mu kawo wa 'yan uwa rahoton abin da aka tara da abin da aka gyara. Allah Ya jiƙan magabatanmu, Ya ba mu ikon riƙe abin da suka bari, Ya kuma ƙara wa garinmu zaman lafiya da arziki.